Ɗan'uwan Bafil Ɗina da Wanda Na Tarar a Cikinsa

Tun da na dawo daga Gana ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a bencin Mamman mai shayi sai wani ya matso: "Baba Bafil, wai gaskiya ne gunki ka yi wa dako?" Wani ya ce a'a, aljani ne. Shekaranjiya a bakin masallaci na ji labarin ya girma har an ce gawar mutum na ɗauko a akwati. To, kafin ku kai ni ga kisan kai, gara in rubuta yadda abin ya faru. Kun san karatuna bai yi nisa ba, allo na gudu na bari, boko kuwa ta taga na leƙa shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya biyo ni shago.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isa, a nan Zongon Lome aka yanke cibiyata. Aikina sayen tsofaffin bafil, wato lasifikan nan na ɗaka masu akwatin katako, in gyara in sayar. Duk wanda ya shigo hannuna fita yake yi, sai guda ɗaya. Shekarun baya na saye shi a wani gida a unguwar Nyekonakpoe, bayan maigidan ya mutu iyalinsa suna rage kaya. Tsawonsa ya kai mini ƙugu, katakonsa baƙi mai nauyi, idan ya buɗe murya har a haƙarƙari kake jinsa. Matsalarsa ɗaya: shi kaɗai ne. Bafil kuwa bibbiyu ake yin su, dama da hagu. Guda ɗaya komai kyansa rabin magana yake yi. Na haɗa shi da wasu, bai yarda da kowa ba. Sai na kai shi ɗakina na ajiye, matata Azumi tana ɗora masa kwanon goro.

Bana kunnena na hagu ya fara yi mini wasa. Da farko ƙara, kamar sauro ya shiga ya rasa hanyar fita. Daga baya Azumi ta lura idan ta zage ni daga hagu ba na ramawa. Ta ja ni wajen wani likita a Aveji. Ya leƙa, ya sa mini wani abu a kai yana ta ƙiii, ya ce kunnen nan tafiya yake yi, kuma ba mai dawowa ba ne. Ya tambaye ni aikina, na faɗa, ya ce to ga dalili nan. Shekara da shekaru ina manna kunne a bakin bafil ina neman inda yake karkarwa, ashe kaina nake ci.

Na dawo gida na zauna ina kallon baƙin bafil ɗina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mai kunne ɗaya ba ya jin bafil biyu. Ko ka jera masa goma, ɗaya yake ji. In har zan ji wannan da ɗan'uwansa suna magana tare, sai dai yanzu, tun kunnen bai ƙarasa ba.

Na koma gidan Nyekonakpoe. Matar mamacin tana nan, ta tsufa. Da yaren Mina muka yi magana, don ni ɗan Lome ne, Minata ta fi Hausar wasunku. Ta ce mijinta Etse tagwaye ne, shi da wansa Atsu. Tare suka yi aikin jirgin ruwa, tare suka sayi bafil biyu, da za su rabu kowa ya ɗauki ɗaya. Atsu yana wani ƙauye gaba da Ho, a Gana, in bai mutu ba.

Da na gaya wa Azumi ta ce, "Malam, kai da ko nan unguwar Kegue za ka je sai ka bar wasiyya, kai ne za ka Gana?"

Na ce, "Allah na nan."

Ta ce, "Yana nan, amma bai ce ka je ba."

Duk da haka ita ta ba ni bargonta mai zanen damisa in naɗe bafil, ta ce in ya yage kada in dawo. Na ɗauki ɗan akwatin kayan aikina na katako, na hau zemijan, wato acaɓa, zuwa bodar Aflawo.

Ku da kuke tsallaka bodar nan kullum za ku yi mini dariya, amma ni tun ina saurayi rabona da ita. Hayaniya, masu canji suna kaɗa maka kuɗi a hanci, mata da tiren burodi, kowa yana jan rigarka yana "Alhaji, Alhaji." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a bodar nan duk mai hula alhaji ne. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne wani tsinken ƙarfe da na gani a hannun ma'aikatan duwan, wato kwastan, mai tsawon hannu, mai tsini. Da shi suke soka buhuna su ji ko an ɓoye wani abu. Ina kallo aka soka buhun garin wata mata, fuu, gari ya tsiyayo. Na ce a raina, Isa, gobe ta nan za ka dawo da bafil. Bakin bafil kuwa takarda ce, irin ta dā, wadda ba a yinta yanzu. Soka ɗaya, shi ke nan.

Na shiga tirotiro mai zuwa Ho, ƙaramar motar hayarsu ke nan. Ba mu yi nisa ba wani mai kwat ya miƙe ya fara wa'azi da Turanci, daga baya ya buɗe jaka ya koma sayar da maganin basir. Bakin hanya kuwa hotunan matattu ne manya-manya, an kafa su kamar tallan sabulu, mamaci yana murmushi, an rubuta ranar da za a yi bikinsa. A Lome ma muna ganin maƙwabtanmu suna ajiye gawa su yi mata kiɗa, amma Gana sun fi su. Mu da muke binne mutum tun ɗuminsa bai gama fita ba, sai na ga kamar matattun can ba su cika tafiya ba. Suna nan bakin titi suna kallon mai wucewa. Na riƙa kau da kai, amma ta ko'ina akwai wani yana mini murmushi.

A zongon Ho na sauka, gidan wani mahauci, Alhaji Tanko, wanda Mamman mai shayi ya haɗa ni da shi. Mutumin kirki, sai dai yawan ba da labarin tsoro. Ya sa aka kawo mini dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da soyayyen kifi da baƙin yajin nan nasu, shito. Na ɗauka miya ce na lakato da yawa. Jama'a, har kunnen da likita ya ce ya tafi sai da ya ɗan leƙo. Ina hawaye ina shan ruwa, Alhaji Tanko ya tambaye ni ƙauyen da za ni. Na faɗa.

Ya ce, "Can? To, ka kula. Kada ka nuna komai da yatsa. Kada ka tsallake ƙwarya in ka gan ta a ƙasa. In an ba ka nama ka ce kana azumi."

Na ce, "Alhaji, bafil fa zan saya."

Ya ce, "Wani ma akuya ya je saya."

Bai ƙarasa mini abin da ya sami mai akuyar ba, ya tashi ya shiga gida. Haka na kwana da rabin labari.

Da hantsi na isa ƙauyen a bayan wata motar rogo. Gidan Atsu ba wuyar samu. Na tarar da ɗansa, wani ƙato mai suna Kofi, yana gyaran raga a tsakar gida. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, sannan ya tambayi abin da ya kawo ni, yadda suke yi. Ya ce tsohon ya tafi asibitin gari karɓar maganin ƙafa, sai yamma. Da ya ji bafil nake nema sai idonsa ya yi haske. Ya shiga ɗakin uban ya rungumo shi.

Wallahi ina ganinsa na gane shi. Shi ne. Katako iri ɗaya, ƙyallen gaba iri ɗaya, har ramin iskan nan na ƙasa da hannu ke iya shiga. Na cire ƙyallen. Takardar lafiya lau, sai dai zoben soso da ke riƙe bakinta ya ruɓe, yana zuba kamar tsohon burodi. Wannan ba komai, aikina ne. Na ɗauko pil, wato batirin tocila, na taɓa wa wayoyin baya. Takardar ta yi tsalle, tup. Da rai.

Na ce, "Ba za mu jira tsoho ba?"

Kofi ya ce, "Alhaji, abin nan ya fi shekara goma bai yi magana ba. Tsare wuri kawai yake yi. Rediyo zan saya masa."

Ni ma ban matsa ba, don ina tsoron tsohon ya dawo ya ce a'a. Muka daidaita, na naɗe shi da bargon Azumi, na kama hanya. A Ho na biya kujera biyu, ɗaya tawa ɗaya tasa, na rungume shi kamar amarya.

Mun ɗan taɓa tafiya motar ta faɗa rami, sai na ji ƙwas. Na kasa kunne. Wani ramin, ƙwas ƙwas. Kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Na ce kunnen nan ne ya canza waƙa. Na toshe na hagu da yatsa, muka sake faɗawa rami, na ji da na dama.

Wata mai kayan tumatir da ke gefe ta dube ni ta ce, "Papa, me ka sa a ciki?"

Na ce, "Ke ma kin ji?"

Ta ce, "Tun ɗazu." Ta ja tumatirinta ta matsa.

Na san cikin bafil kamar cikin aljihuna. Auduga ce, da waya, da ɗan allon gyaran murya, da maganaɗisu. Ba abin da ke ƙwanƙwasa. Tunanina ya tafi kan samarin da ake kamawa da ƙwaya a cikin kaya. Wa ya san abin da ƙaton nan Kofi yake ɓoyewa a ɗakin ubansa? Na ga kaina a gidan yari a Gana, da tsufana, ba Turanci, ana ba ni shito safe da yamma. Na so in zura hannu ta ramin iska in laluba, na tuna maciji. Haka na zauna har Aflawo, hannuna a kan bargo, bakina yana motsi, mai tumatir tana harara ta.

Da la'asar sakaliya muka iso. Wata ma'aikaciyar duwan ce ta tare ni, kakkaura, da tsinken ƙarfen nan a hannu. Ta yi Turanci, na yi mata Mina, ta juye harshensu na Ewe, muka fahimci juna.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Bafil ne, Madam. Tsoho. Kamar ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa aka sauke, ta jijjiga shi. Ƙwas ƙwas. Ta dube ni, na dubi sama. Ta yaye bargon, ta cire ƙyallen, ta saita tsinin ƙarfen daidai tsakiyar takardar.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ni da ko surukina ban durƙusa wa haka ba. Na ce, "Madam, don girman Allah ki soke ni, kada ki soke shi. Ni zan buɗe miki da hannuna. In kin ga abin laifi ki ɗaure ni."

Ta janye ƙarfen ta ce, "Buɗe."

Na kwance notuna, ɗaya ya faɗi sai da wani ɗan dako ya tsinto mini. Na ɗago takardar da maganaɗisunta na kwantar a kan bargo. Madam ta haska tocila a ciki. Sai na ga ta ja da baya, ta mayar da ƙarfen bayanta kamar yarinyar da aka kama da abin sata.

Na leƙa. Yana kwance a kan auduga, rigingine. Ɗan mutum-mutumi na itace, bai fi tafin hannu da yatsu ba. An ɗaura masa ɗan zane, da tsakiya a wuya. Fuskarsa ta shafe saboda yawan wanka, bakinsa ja da manja. Idonsa biyu a kaina.

Duk ɗan Lome ya san wannan. Muna ganinsu a kasuwa soke a ɗaurin zanen mata. In ɗaya daga cikin tagwaye ya mutu, mutanen nan ba sa cewa ya mutu, sai su ce ya tafi daji neman itace. A sassaƙa masa ɗan itace a madadinsa, a yi masa wanka, a ba shi abinci, duk abin da aka yi wa mai rai a yi masa. In aka wulakanta shi, sun ce zai ja ɗan'uwansa su tafi tare. Na sani, amma ban taɓa riƙe ɗaya ba, in na gani hanya nake canzawa. Sai lissafin ya zo mini: Atsu na da rai, wanda ya mutu Etse ne. Wato mai bafil ɗin da ke ɗakina, wanda Azumi ke ɗora wa kwanon goro, shi na rungumo tun daga Ho. Har kuɗin kujera na biya masa.

Kada wani malami ya tare ni da wa'azi, na san itace ba ya cutarwa sai da ikon Allah. Kaina ya sani. Cikina ne bai yi karatu ba. Kuma mu ɗin ma ai ba mu raina tagwaye ba. Wace tsohuwa ce a Zongo ba ta ce Hassan da Usaini suna aiko kunama in ka ɓata musu rai ba? Na fara duba ƙafafuna.

Madam ta tambaye ni inda na samo shi, na faɗa mata duka. Ta ce, "Kun sato mutum daga ɗakinsa, kai da wawan yaron nan. Uwata tana da irinsa, ranar da ya ɓace kwana ta yi ba ta ci ba." Ta laluba aljihu ta ɗauko alewa, ta sa masa a gefe, ta yi masa magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Sannan ta juyo kaina da muryar aiki.

"Rufe. Ka mayar da shi."

Na ce, "Madam, ko a cire shi a ba wani direba ya kai? Ga Lome can ina hangowa."

"A ba direba? Buhun gawayi ne? A ɗakinsa ya zo, a ɗakinsa zai koma. Akwatin nan ba zai tsallaka ba sai na ga cikinsa babu kowa, kuma sai da yardar mai shi."

"To a ajiye mini shi a ofis zuwa safe."

Ta ce, "Ofishin wa?"

Motar Ho ta ƙarshe ta riga ta tashi. Na kama ɗaki a wani masauki bayan tasha, mai katifa kamar an cusa mata duwatsu. Na jingina bafil a lungu, na juya fuskarsa bango. Da zan yi salla na rasa inda zan sa shi, gaba ba dama, baya kuma ya fi muni, sai na fita baranda na yi. Kwanan ba ni da abin faɗa a kansa, don zama na yi a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Kuma ba gunkin kaɗai ke cina ba. Tsohon bai san an sayar ba. In ya ce a ajiye masa kayansa, da wane baki zan yi musu? In koma gida hannu biyu, in zauna in jira kunne ya ƙarasa.

Washegari da rana tsaka na sake shiga gidan. Kofi na gani da farko, a tsugune can gefe, ya yi zuru-zuru, ga alama ya sha abin da ya fi zagi. Tsohon yana kan kujera a ƙofar ɗakinsa, siriri, fari fat da furfura, ga kwanon tuwon masara a gabansa ya bushe ba a taɓa ba. Wata mata ta raɗa mini tun jiya ko ruwa bai sha ba. Ya ce ba zai ci ba ƙaninsa na jin yunwa a hanya.

Na sauke bafil a gabansa. Na ce, "Togbi," wato kaka, "ga shi na dawo da shi. Ban san da mutum a ciki ba."

Bai kula ni ba. Ya zura hannu ta ramin iska, bai kai ba, don girgizar mota ta tura shi ciki. Na sake kwance notuna. Ya ɗauko shi da hannu biyu, ya share masa auduga daga fuska, ya ga alewar Madam, ya ɗan yi murmushi. Ya ce da shi, "Ka tafi yawo ba sallama. Halinka ne tun muna yara." Ya sa aka kawo sabon tuwo da miyar kuɓewa. Ya gutsuri ɗan kaɗan ya shafa masa a baki, sannan ya ci nasa. Ya tura mini kwano. Na tuna gargaɗin Alhaji Tanko, na leƙa miyar, kifi ne. Yunwa ta fi tsoro, na ci.

Sai da ya wanke hannu ya ce, "Etse ya fi ni son kiɗa. Shi ya sa na sa shi a nan. Ko akwatin ba ya magana, ya san warinsa." Ya ɗora tafin hannu a kan katakon. Na ce a raina shi ke nan, Isa, tashi ka nemi mota.

Ya ce, "Kai kuma me ya kawo ka tun daga Lome don mushen akwati?"

Ban iya tsara magana ba, na zube masa ita yadda take. Na ce ɗayan yana ɗakina, daga gidan Etse na saye shi. Na ce shekaru yana magana shi kaɗai. Na nuna masa kunnena na gaya masa abin da likita ya ce.

Ya ce, "Na Etse yana wurinka? Yana aiki?"

"Kamar sabo, Togbi."

Ya ɗaga ɗan itacen ya kai shi kusa da bakinsa, suka yi ƙus-ƙus. Ni dai ina zaune ina jiran hukunci daga bakin itace. Can ya sauke shi ya ce, "Tun ranar da muka raba su na san ba mu kyauta ba. Tare aka haife su. Ka tafi da shi. Amma ka ji: abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa ɗayan. Ka shafa wa wannan mai, ka shafa wa wancan. Kada ka fifita."

Na ce na ji. Ya ce, "Saura Etse, ka raba shi da ɗaki."

Na rasa abin yi. Sai idona ya faɗa kan akwatin kayan aikina. Na juye su cikin aljihun babbar riga, na ɗebo auduga daga cikin bafil ɗin, mai warin da aka ce ya sani, na shimfiɗa a ciki. Tsohon ya kwantar da shi, ya gwada murfin, ya ce a bar shi a buɗe saboda zafi. Haka na fito ina tafiya ƙarafa suna kacau-kacau a jikina kamar dokin biki.

A boda na nemi Madam da kaina. Ta haska ciki, ta ce, "Ya ci abinci?" Na ce su biyun sun ci. Ta ɗaga mini hannu na wuce, ƙarfenta bai taɓa ko bargo ba.

Azumi ta fara duba bargonta kafin ta dube ni. Na ba ta labari, ta ce bafil ɗin nan ba zai kwana a ɗakinta ba sai an yi masa karatu. Na kai su shago su biyu. Zoben soson baƙon na kankare, na yanka sabo, na shafa gam, na daidaita takardar a tsakiya ina taɓa ta da yatsa har na ji ba ta gogar komai. Nawa na gida zobensa lafiya yake, ni na sa masa shi da hannuna. Na tsaya ina kallonsa, ina cewa wa zai sani? Sannan na ɗauki reza na yanke shi, na sa masa sabo irin na ɗan'uwansa. In kun tambaye ni zan ce ai ƙa'idar aiki ce, sabon zobe da tsoho ba sa numfashi daidai, kuma gaskiya ne. Amma ba ƙa'ida nake tunawa ba lokacin da na ɗauki rezar. Audugar ma sai da na raba musu daidai, na shafe su da mai daga kwalba ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko na jera su a ɗaka, dama da hagu, labule a tsakaninsu. Na haɗa amfili, na'urar da ke ba su murya, na sa kaset ɗin karatun Alƙur'ani yadda Azumi ta ce. Na ja kujera na zauna a tsakiya, ita tana tsaye a bakin ƙofa da takalminta a hannu. Na murɗa.

Muryar ba ta fito daga dama ba, ba ta fito daga hagu ba. A tsakiya ta tsaya, daidai labulen, inda babu komai, kamar mutum ne zaune a wurin har ana jin jan numfashinsa. Azumi ta ce, "Innalillahi, Malam, wa ke bayan labule?" Kafin in amsa ta kai tsakar gida. Na san haka bafil biyu masu kyau suke yi, na sha gaya wa masu saye. Duk da haka sai da na sake duban labulen. Amma ban tashi ba. In murya ta tsaya a tsakiya, to kunne biyu ne suka kama ta. Na zauna har kaset ya ƙare, na juya shi, ya sake ƙarewa.

Masu zuwa ɗakina suna tambaya me ya sa kullum akwai alewa ɗaya a kan na dama, ɗaya a kan na hagu. Ta jikoki ce. Wanda bai yarda ba ya je ya tambayi Azumi, ita ke sayowa.

Kunnen hagu kuwa yana nan yana haɗa kayansa, kullum da abin da yake ɗaukewa. Ranar da ya ga dama ya tafi. Na riga na ji.